Ƙaramar Amfilifayar Jita Mai Bawul: Wacce Ta Dace da Kai Cikin Huɗun Nan?

Abin da ke jan mai kaɗa jitar lantarki zuwa ga amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita) mai bawul, wato ƙwayayen gilashin nan irin na tsofaffin rediyo, shi ne yadda take bin hannu. Ka taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, ka danna da ƙarfi murya ta ɗan dishe ta yi gurnani, alhali ba ka murɗa komai ba. Matsalar manya masu wat 50 ko 100 ita ce wannan gurnani ba ya fitowa sai an buɗe su sosai, kafin nan kuwa maƙwabta sun fito ƙofar gida. Wannan ne ya sa ƙanana masu wat 4 ko 5 suka samu kasuwa. Ba kuma yau aka fara ba: tun 1948 kamfanin Fender ya fito da Champ don 'yan koyo, daga baya ta zama abin so a ɗakunan ɗaukar sauti.

Huɗu za mu gwada a nan, duka masu lasifika a jikinsu: Monoprice Stage Right mai wat 5 tare da 'yar'uwarta Harley Benton TUBE5, sai Bugera V5 Infinium, sai Vox AC4C1-12, sai Blackstar HT-5R MkII.

Abin da za a duba kafin a ciro kuɗi

Na farko, kada adadin wat ya ruɗe ka. Kunne ba ya jin ƙara yadda lissafi yake tafiya. Idan aka ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kawai ake samu. Sai an ninka sau goma ake samun desibel 10, a nan ne kunne yake jin kamar ƙarar ta ninka. Ke nan wat 5 rabin ƙarar wat 50 ce idan lasifika ɗaya ce, ba kashi ɗaya cikin goma ba. Yawancin lasifikokin jita masu inci 12 suna ba da desibel 95 zuwa 100 da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. Ka ba irinta wat 5, ka haura desibel 100, a cikin ɗaki kuwa wannan ƙara ce mai sa kunne kuka. Ko da an sauke ta zuwa wat 0.1, tana nan wajen desibel 85. Saboda haka idan a ɗaki za ka riƙa kaɗawa, tambayar farko ita ce: shin amfilifayar tana da hanyar rage ƙarfi, kuma har zuwa ina?

Na biyu, lasifika da akwatinta. A ganina wannan ya fi komai tasiri a kan sautin irin waɗannan amfilifayoyi, ya ma fi irin bawul ɗin da ake ta muhawara a kansa. Lasifika mai inci 8 a cikin ƙaramin akwati ba ta iya tura iska da yawa, don haka kaurin sauti yana raguwa, tsakiya ta yi yawa, a ji kamar daga cikin kwali ake kaɗa jitar. Mai inci 12 tana buɗe sautin, tsirkiyoyin ƙasa su fito da nauyinsu. Duba bayan amfilifaya ko akwai ramin haɗa wata lasifika daga waje, domin shi ne hanyar ƙara mata girma nan gaba ba tare da sayen sabuwa ba.

Na uku, bawul ɗin ƙarshe da yadda aka haɗa shi. Uku daga cikin huɗun nan bawul ɗaya tilo ne yake tura lasifika. Irin wannan ƙira tana ba da dishi mai daɗin ji, mai zuwa sannu a hankali, kuma idan bawul ya mutu cire shi kawai ake yi a sa sabo, ba sai an daidaita komai ba. Aibinta biyu ne. Bawul ɗin yana cin wuta cikakkiya ko ana kaɗawa ko ba a yi, don haka yana zafi ƙwarai. Sannan ba ta kashe ƙugin da ke biyo wutar lantarki, za ka riƙa jin ɗan "huuu" a ƙasa-ƙasa idan ɗaki ya yi tsit. Game da iri kuwa, 6V6 shi ne na Champ, sautinsa mai laushi ne da zagaye. EL84 ya fi kaifi a sama kuma ya fi saurin dishewa.

Na huɗu, wuta. Najeriya da Nijar suna kan bolt 220 zuwa 230, Amurka tana kan 120. Amfilifaya mai bawul tana da taransifoma mai ƙayyadadden bolt, ba irin cajar kwamfuta ba ce da ke karɓar kowace wuta. Ka karanta abin da aka rubuta a bayanta kusa da ramin waya. Wadda aka rubuta wa 120, idan aka soka ta kai tsaye a bangonmu, a yi addu'a fis ya riga taransifoma ƙonewa.

Sai sauƙin gyara, sai farashi.

Monoprice Stage Right 5W da Harley Benton TUBE5

Kusan ƙira ɗaya ce da suna biyu: Monoprice a Amurka, Harley Benton kuma a shagon Thomann na Jamus. Bawul 12AX7 ɗaya a gaba, 6V6 ɗaya a ƙarshe, lasifikar Celestion mai inci 8, abin murɗawa biyu kacal, Volume da Tone. Babu amsa-kuwwa, babu ramin abin kunne.

Da yake ba ta da Gain daban, wato abin murɗa yawan dishi, dishinta yana tafe ne da ƙara. Daga ƙasa zuwa kusan rabi sauti garau yake fitowa, siriri kaɗan amma mai rai. Da an wuce rabi sai ta fara gurnani, a ƙure ta kuwa sautin ya zama rugu-rugu, lasifikar ta fara kasa ɗaukar tsirkiyoyin ƙasa, musamman da jita mai maɗaukin sauti mai naɗi biyu irin na Les Paul. Jita irin Stratocaster ko Telecaster ta fi dacewa da ita. Mafi daɗin wurinta shi ne tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu, sai ka riƙa sarrafa dishin da abin murɗa murya na jikin jitar.

An yi tsimi a akwati da ƙananan kayan ciki, farashin ma ya nuna haka. Amma sauƙin ƙirarta alheri ne: kayan cikinta kaɗan ne, duk mai gyaran da ya san aikin bawul zai bi layinta cikin ɗan lokaci. Haɗarin da ke tattare da ita ga mai saye daga nan shi ne bolt, domin ta Monoprice don wutar Amurka aka yi ta. Ta Harley Benton ce mai 230. Idan aka haɗa ta da akwatin lasifika mai inci 12, sai ka rantse wata amfilifayar ce daban.

Bugera V5 Infinium

Bugera na ƙarƙashin kamfani ɗaya da Behringer. V5 tana da 12AX7 da EL84, lasifikar Turbosound mai inci 8, abin murɗawa huɗu: Gain, Tone, Volume da Reverb, wato amsa-kuwwa. A bayanta akwai makunnin da ke sauke ta daga wat 5 zuwa 1 ko 0.1, da ramin abin kunne. Cikin huɗun babu wadda ta kai ta sauka ƙasa, kuma wannan shi ne babban dalilin sayenta.

Sautinta mai duhu ne. Ko an ƙure Tone, ba ta yin kaifi irin na Vox duk da bawul ɗinsu na ƙarshe ɗaya ne, wanda ya ƙara nuna cewa ba bawul kaɗai ke yanke hukunci ba. Ga mai jita mai naɗi ɗaya, wadda dama sautinta yana da tsini, wannan duhu gyara ne, yana ba da murya mai ɗumi da ta dace da bulus da jaz. Ga mai naɗi biyu kuwa sautin kan dunƙule, muryoyin tsirkiyoyi su daina rabuwa. Maganinsa a rage Gain zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ɗaga Volume, a ɗora amfilifayar a kan kujera tana fuskantar kunne maimakon a bar ta a ƙasa tana kallon ƙafa. Idan bai isa ba, fedal (ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa) mai daidaita sauti a gabanta ko canjin lasifika yana warware matsalar. A sani cewa duk lokacin da aka sauke ta zuwa wat 0.1 kaifin yana ƙara raguwa, saboda lasifikar ba ta motsi sosai, kunne ma ba ya jin sama da ƙasan sauti da kyau idan ƙara ta yi ƙasa.

Amsa-kuwwarta ta dijital ce, ba ta ƙarfen sifirin ba, amma tana da daɗi idan ba a cika ta ba. Infinium kuma wani sashe ne da ke lura da lafiyar bawul, yana da 'yar fitila a baya da ke nuna lokacin canji. Amfani ne ga wanda bai saba ba, sai dai ƙarin kaya ne a kan allo, kuma idan shi ya lalace gyaransa ya fi na sauran wahala.

Vox AC4C1-12

Wat 4 ce, amma kada a raina ta, ta fi biyun farko cika ɗaki nesa ba kusa ba, saboda lasifikar Celestion mai inci 12. Tana da 12AX7 biyu da EL84 ɗaya, da sashen daidaita sauti na Top Boost wanda aka san babbar amfilifayar Vox, AC30, da shi. Abin murɗawa huɗu ne: Gain, Bass, Treble, Volume.

Idan sauti kaɗai ake magana, wannan ce zaɓina. Tana da ƙyalli a sama wanda ke sa kowace tsirkiya ta fito daban ko an kaɗa shida tare, kuma yadda take ratsawa daga garau zuwa dishi shi ne ainihin abin da mutane ke nema a bawul. Ka sa Gain a rabi, Volume a inda ɗakin zai ɗauka, sai ka ji hannunka ne ke mulki. Kiɗan da ake tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya da sauri, irin na hailaif ko na maƙaɗan jitar Agadas, yana fitowa tsaf a cikinta.

Ƙyallin nan shi ne kuma aibinta. Da Telecaster a maɗaukin baya, Treble sama da rabi yana soke kunne. Bass da Treble ɗinta suna shafar juna, idan ka ɗaga su duka tsakiyar sauti ta faɗa, don haka a fara da Treble ƙasa da rabi, Bass a rabi, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Sabuwar lasifika ma takan yi tauri, sai an yi ta kaɗawa na wasu makonni take laushi. Ba ta da amsa-kuwwa, ba ta da ramin abin kunne, ba ta da makunnin rage wat. Ana iya samun dishi a ƙaramar murya ta ɗaga Gain a sauke Volume, amma wannan dishin bawul ɗin gaba ne kawai, siriri ne mai ɗan zuzu, bai kai na EL84 da aka matsa wa ba. Ramin lasifikar wajenta na om 16 ne (om shi ne ma'aunin juriyar lasifika ga wuta), a kula da wannan kafin a haɗa mata wani akwati. Wajen zafi, akwatinta matsattse ne, kada a jingina bayanta da bango.

Blackstar HT-5R MkII

Tsofaffin ma'aikatan kamfanin amfilifaya na Marshall ne suka kafa Blackstar a Northampton ta Ingila. Ƙirar wannan ta bambanta da sauran: bawul ɗin ƙarshenta 12BH7 ne, mai sassa biyu a cikin gilashi ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, yadda manyan amfilifayoyi suke aiki. Sakamakon haka ƙuginta kaɗan ne, kaurin sautinta kuma a ɗaure yake. Tana da lasifika mai inci 12, tashoshi biyu na garau da na dishi waɗanda ake sauyawa da ƙafa, amsa-kuwwa, wurin saka fedal a tsakiyar hanya, makunnin sauka zuwa wat 0.5, ramin abin kunne, da USB na ɗaukar sauti kai tsaye a kwamfuta.

Ita kaɗai ce cikin huɗun ke ba da dishi mai nauyi irin na rok da metal ba tare da fedal ba, kuma a ƙaramar murya. Sai dai a san cewa ba bawul zalla ba ce, akwai kayan taransista a hanyar sautinta, kuma ana jin haka a hannu: dishinta a matse yake, mai santsi, ba ya bin ƙarfin yatsa kamar na Vox. Tashar garau ɗinta tana da tsabta, amma ba ta da wani hali nata na musamman. Wanda ya zo neman sautin tsohuwar Champ zai ga kamar an ba shi wani abu dabam.

Wajen gyara ita ce mafi wuya. Allonta cike yake da ƙananan kaya, kuma 12BH7 bai kai EL84 ko 6V6 sauƙin samu ba, gara a sayo na ajiya tun farko.

| | Monoprice / Harley Benton | Bugera V5 | Vox AC4C1-12 | Blackstar HT-5R MkII |
|---|---|---|---|---|
| Wat | 5, 1 | 5, 1, 0.1 | 4 | 5, 0.5 |
| Bawul na ƙarshe | 6V6 | EL84 | EL84 | 12BH7 |
| Lasifika | inci 8 | inci 8 | inci 12 | inci 12 |
| Halin sauti | mai laushi, siriri | mai duhu da ɗumi | mai ƙyalli, buɗaɗɗe | matsattse, mai nauyi |
| Amsa-kuwwa | babu | akwai | babu | akwai |
| Abin kunne | babu | akwai | babu | akwai |
| Sauƙin gyara | sosai | matsakaici | matsakaici | da wuya |
| Kimanin farashi a waje | dala 150–200 | dala 200–300 | dala 400–550 | dala 500–650 |

Farashin na sabuwa ne a shagunan Amurka da Turai a lokacin da aka yi wannan rubutu, yana hawa yana sauka, kuma ban da kuɗin dako da na kwastan.

Wuta, zafi da ƙura

Komai kyan amfilifayar da ka zaɓa, a nan ne za ta daɗe ko ta mutu da wuri. Zaren da ke ɗumama bawul bolt 6.3 yake so, kuma yana hawa ne tare da wutar bango. Wuta ta yi yawa, bawul ya tsufa da wuri. Ta yi ƙasa, sauti ya yi laƙwas, ka zaci amfilifaya ce ta lalace. Sitabilaiza dole ce, musamman ga mai aiki da ƙaramin janareta. A kashe amfilifaya kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta, ba a bar ta a kunne ana sauyi ba. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi tana sa ƙara mai zuzu a lasifika, tana kuma ɗumama taransifoma. Idan mai bolt 120 ce ta zo hannunka, nemi taransifomar sauke wuta mai wat 100 zuwa 200, sannan ka bar mata iska, domin wadda aka naɗa don 60Hz takan fi zafi a kan 50Hz namu.

Wayar ƙasa ba ado ba ce. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya, don haka a gidan da soket ba shi da wayar ƙasa ƙugi yana ƙaruwa, idan kuma wani abu ya lalace a ciki, ta hannunka wutar za ta nemi hanya. Duk wanda ya ji tsirkiya ko makirufo yana ɗan jan leɓensa, ya kashe nan take ya kira mai aikin wuta.

Kada a taɓa kunna ta ba lasifika a haɗe, sai inda littafinta ya ce an tanadi haka, domin taransifomar fitar da sauti ce ke ƙonewa, tana kuwa cikin kayan da suka fi tsada a ciki. A daidaita om na lasifika da abin da aka rubuta a ramin, kuma a haɗa da wayar lasifika, ba wayar jita ba. A ba ta kamar minti ɗaya ta ɗumama kafin kaɗawa, a bar ta ta huce kafin a ɗauka. Lokacin hunturu a rufe ta da zane bayan ta huce, ƙura ce ke sa abin murɗawa yin ƙaraf-ƙaraf. Buɗe cikinta kuwa aikin gwani ne: kafasitocinta suna riƙe bolt 300 zuwa 400 ko bayan an zare waya.

Alamun bawul ya gaji ba su da wuyar ganewa. Sauti ya rasa kaifi da ƙarfi, ko ya riƙa tartsatsi, yawanci na ƙarshe ne. Idan tana fito ko ƙararrawa ita kaɗai, ka ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul da fensir, wanda ƙararsa ta fito a lasifika shi ne mai laifi. Ƙarfen cikin bawul ya yi ja jawur, kashe ta nan take. Gilashi ya yi fari fat daga sama, iska ta shiga, ya mutu. Masana'antun bawul kaɗan suka rage a duniya, akwai JJ a Sulobakiya, akwai na Saratob a Rasha, akwai na Sin, kuma a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke an yi ƙarancinsu, farashi ya tashi. Sayen 12AX7 ɗaya da na ƙarshe ɗaya a ajiye tun ranar farko ya fi jiran ranar da za a neme su. Wanda kuma yake ganin amfilifayarsa tana saurin dishewa, ya gwada 5751 ko 12AY7 a gurbin 12AX7 na farko: ƙarfin haɓakarsu wajen 70 da 40 ne maimakon 100, sauti zai daɗe yana garau.

Wa ya dace da wacce

Mai zama a ɗakin haya ko gidan da ke da yara, wanda yawanci da dare yake kaɗawa, Bugera V5 ce tasa, musamman idan jitarsa mai naɗi ɗaya ce. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya san yadda bawul yake bin hannu, kuma ba ya tsoron ƙara mata akwati daga baya, ya ɗauki Harley Benton mai bolt 230. Mai ɗakin ɗaukar sauti, ko wanda ke da wurin da zai buɗe murya ba a yi masa magana ba, Vox ta cancanci ƙarin kuɗinta, makirufo ɗaya a gaban lasifikarta ya wadatar. Mai son dishi mai nauyi, ko mai ɗaukar sauti a kwamfuta cikin dare, Blackstar, muddin yana da wuta mai tsabta da bawul na ajiya.

Wanda aikinsa kaɗa jita ne a filin biki ko taro tare da mai ganguna, babu ɗaya cikin huɗun da za ta ishe shi ita kaɗai. Za a ji ta, amma a dishe, sauti garau ba zai kai bayan fili ba sai an sa mata makirufo zuwa manyan lasifikoki. Irinsa ya dubi mai wat 15 kamar Fender Blues Junior, ko ma ya haƙura da bawul ya ɗauki mai taransista irin Boss Katana 50, wadda ta fi jure jijjigar hanya kuma ba ta buƙatar canjin bawul.

Idan ta hannu za ka saya, a kasuwar Alaba ta Legas ko a wurin wani makaɗi, ka tafi da jitarka da wayar haɗa ta. Duba bolt a bayanta, ka kunna ta ta yi aƙalla minti goma sha biyar, ka murɗa kowane abu daga farko zuwa ƙarshe kana sauraro, ka leƙa bawul ɗin ƙarshe ko yana ja fiye da kima, ka kuma sansana bayanta. Wari irin na ƙonannen fenti daga taransifoma yake fitowa, kuma canjinta kan ci kusan rabin kuɗin amfilifayar.